Kunnen Baba na Dama

Matan da suka zo mana gaisuwa a Lamisula sun shigo da irin fuskar da ake shiga gidan rasuwa da ita, sai suka tarar da Innarmu zaune a kan tabarma tana cin burabusko. Ba tsakura take yi don ganin ido ba, ci take yi sosai, har da cewa a ƙaro mata miya. Wata maƙwabciyarmu da ta riga ta ja lafaya ta rufe rabin fuska ta tsaya turus a bakin ƙofa, ta rasa inda za ta kai kukan da ta ɗauko tun daga gida.

"Wushe, Inna. Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Inna. "Lale, shigo ki zauna. Ya ji fa. Wallahi ya ji, kuma ya faɗa."

Matar ta ce Allah ya jiƙansa, ta nemi gefen tabarma ta zauna tana satar kallona. Kafin azahar na ji ƙus-ƙus iri-iri a tsakar gida. Wata ta ce mutuwar ce ta taɓa mata kai, wata ta ce doguwar jinya ce take ƙafar da hawaye. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, wadda ta iso daga Kano da safen nan idonta jawur, ita ba ta iya ƙus-ƙus ba. Ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Ke, uwarki lafiya kuwa? Jiya-jiya fa aka kai mijinta."

A ƙofar gida kuwa zaman makokin maza ya fi kama da kasuwa. Abokan sana'ar Baba ne suka cika bencuna, masu yanka katako da inji, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aiki ba ya iya magana a hankali. Wannan ya ɗaga murya ya ce Allah ya gafarta masa, wancan ya ce, "Me ka ce?", sai a sake daga farko. Liman ya yi ta yi musu alama da hannu su sassauta, har ya gaji ya bar su. Wani tsohon kafinta ya shafa bencin da yake zaune a kai, ya ce wa na kusa da shi wannan yankan marigayi ne, ko a cikin katako dubu zai gane shi.

Ni ce babbar 'yarsa. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don in wanke Inna a wurin waɗanda suka tafi da maganarta a baki. Lafiyarta ƙalau. Tsoro ɗaya ta daɗe tana ɗauke da shi, tun ranar da ta tabbata inji ya cinye wa Baba kunne: kada mutuwa ta zo masa, a yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, shi kuwa bai ji ba.

Da hanci na fara sanin aikin Baba kafin in san shi da ido. In ya dawo, fetur da baƙin mai da ɗanyen itace su ne suke riga shi sallama. Inna kuwa turaren wuta take haɗawa ta sayar, kamar yadda uwarta ta yi, don haka gidanmu bai taɓa rabuwa da rigimar ƙamshi da wari ba. Dokarta ita ce ya tuɓe kayan aiki a zaure. Shi kuma yakan ce ai sana'arsu ɗaya, ita ma itace take ci, bambancin kawai ita ƙonawa take yi, shi kuwa gini ake yi da nasa. Takan ce to ya je ya shafa baƙin mai ranar Juma'a ya ga wanda zai tsaya kusa da shi a sahu.

A wancan lokacin daji suke shiga, can wajen Damboa da hanyar Biu, shi da ƙanensa da muke kira Baffa. Su yi makonni, su dawo a kan babbar mota da katakon maɗaci da na ƙawo. Sai da iskar farkon damina ta kayar da wata ƙatuwar darbejiya a layinmu na ga yadda ake yi. Suka sare rassa, suka mirgina gungumen suka tokare shi. Baffa ya tsoma zare a baƙin mai, suka ja shi daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗaga tsakiyarsa ya saki, sai ga layi baƙi miƙaƙƙe a jikin itacen. Baba ya hau, ƙafa nan ƙafa can, ya fizgi igiyar inji, ya ɗora bakin sarƙa a kan layin, ya dinga ja da baya kaɗan-kaɗan. Ba wani ƙarfe da yake saita masa hanya, hannu ne da ido kawai. In katakon ya faɗi gefe sai ka rantse daga masana'anta ya fito.

Baffa kullum yana tsaye a kafaɗarsa ta dama. Shi yake share dusar katako daga kan layi, shi yake cusa ɗan itace a tsagar don kada ta matse sarƙa. A cikin wannan ƙara ba mai jin wani, ko da ihu. In yana da magana sai ya ɗora hannu a kafaɗar Baba ya matsa. Nan take Baba ya ɗauke yatsa, inji ya lafa, ya karkato da kai. Baffa ya sunkuya ya faɗi abin da zai faɗa, a ci gaba. Na gani da idona tun ina yarinya, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Mutumin da bai taɓa karkata yanka ba, shi ne kuma ya fi kowa kushe katakonsa. Lokacin da mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari suka cika kangwaye, wata tsohuwa ta zo tana zagaya inda ya jingine katako, tana shafawa tana wucewa. Ƙofa take so, don buhu ne a bakin ɗakinta. Baba ya zaro guda biyu masu kyau, ya runtse ido ɗaya ya leƙa tsawonsu, ya ja tsaki.

"Waɗannan sun karkace. Ba kafintan da zai saya. Iya, taimaka ki raba ni da su."

Baffa ya jira ta yi nisa, sannan ya matsa masa kafaɗa ya ce, "Yaya, in za ka yi kyauta ka yi kyautarka, amma ka daina ɓata mana suna. Ni na buga layin nan." Baba ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan gungume kuwa, ɓangaren nan mai ɓawo da ake fara cirewa, bai taɓa sayar da shi ba. Yana tara shi a zaure, duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwa ya aiko a ɗiba a rufe kabari.

Da fita bayan gari ta zama kasadar rai, sai daji ya rufe musu. Suka koma bin itatuwan cikin gari, darbejiyar da iska ta kayar, ko wadda mai gida zai cire don ya yi gini. Itacen gari kuwa ba kamar na daji ba ne, ya zauna da mutane. Mai shayi ya kafa masa ƙusa ya rataya fitila, mahauci ya soka masa ƙugiya, mata sun ɗaura masa wayar shanya, shekaru su wuce itacen ya haɗiye ƙarfen ba a ganin ko alamarsa. In sarƙa ta ci karo da shi tana cikin gudu, haƙoranta su zube, wani lokaci ta tsinke ta yi bulala. Tun daga nan Baba ba ya tayar da inji sai ya ce, "Ka duba ƙusa?" Maganar ta bi bakinsa har cikin gida. Da mijina ya aiko neman aurena, abin da ya ce wa Baffa shi ne ya je Bulumkutu ya duba mana ƙusa.

Ba mu san ranar da kunnen ya fara tafiya ba, don ɓoyewa ya yi, kuma ya iya ɓoyewa. Ya samo kalma ɗaya ya riƙe, kome aka ce masa sai ya ce madalla. Wani maƙwabci ya tare shi ya ce ɓarayi sun kwashe masa awaki, Baba ya gyaɗa kai ya ce madalla, mutumin ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Muryar mata ce ta fara ɓace masa, ta Inna kuma ita ce kan gaba. Daga baya takan ce, "Ashe shekara da shekaru ni nake faɗan, ni nake sauraro." Muna dariya in ta faɗa, amma ni na san abin yana cin ta, don mace ce mai son a amsa mata.

Rigimarsa da Baffa a wani lungu ta faru, a nan cikin Lamisula. Gungumen ya kwanta jikin katanga, ba wurin tsayawa ta dama, dole Baffa ya zagaya ya tsaya ta gaba. Sun duba ƙusa, ba su ga komai ba. Ana cikin yanka sai Baffa ya ga dusar ta sauya launi, daga ja-ja ta koma baƙa, alamar akwai ƙarfe a kusa. Hannunsa ba ya kaiwa kafaɗar. Ya yi ihu, ya ƙara, mutanen da ke kallo ma suka taya shi. Baba na sunkuye idonsa a kan layi. Sarƙa ta tsinke, ta zabge wa Baffa damtse har ana ganin fari.

Ciwon ya warke bayan ɗinki, maganar da ta biyo baya ce ta ƙi warkewa. A gaban kafintoci da masu kallo, jini na zuba, Baffa ya ce, "Yaya, kai kurma ne. Ka daɗe da zama kurma kana ɓoyewa. Ka sauka ka ba ni injin nan kafin ka kashe wani." Wannan kam Baba ya ji, ko kuma ya karanta a bakinsa. Ya ce laifin mai duba ƙusa ne, kuma wanda ya bar wurin tsayuwarsa shi ya jawo wa kansa. Ya ƙare da cewa, "Kada ka ƙara tsayawa a kafaɗata." Kowannensu yana da gaskiya, kowannensu kuma da taurin kan gidansu. Baffa ya sayi injinsa ya koma Bolori.

Ba su yanke zumunci ba, suna tsoron Allah. In an haɗu a suna ko jana'iza za su yi musabaha, kowa ya taɓa ƙirji, kowa ya kama gabansa. Gaisuwar fita hakki ke nan, hira kuwa babu. Baba ya ɗan ci gaba da wasu mataimaka, amma ba wanda ya iya zama da shi, don sai su yi ta kwarara masa ihu, shi kuma ihu zafi yake yi masa a ka, sai ya kau da fuska. Daga ƙarshe ya ajiye inji. Ya koma zama a zaure da magagari, masu yanka suna kawo masa sarƙa yana wasa musu haƙori ɗaya bayan ɗaya. Mun haɗa hannu mun sayo masa abin sawa a kunne, ya gwada kwana kaɗan ya ce gyare ne suka cika masa kai, ya jefa shi cikin gwangwanin magagari. Sallah yana bin sahu da ido. A gida kuma sai nuni da hannu, da jan riga. Dukkanmu mun ɗauka kunnuwan biyu sun mutu murus, shi kuma bai ƙara karkato wa kowa da kai ba.

A nan tsoron Inna ya kafu. Ita ce ta zauna a kan uwarta lokacin da za ta cika, tana faɗin kalmar a hankali, tsohuwar tana bi, har numfashi ya tsaya. A wurinta haka mutuwar kirki take. Ta taɓa aika a kira mata liman har zaure, ta tsaya daga bayan labule ta yi masa tambaya. Ya ce mata laƙƙanawa tunatarwa ce, ba sharaɗi ba, Allah yana ganin zuciya, kuma mutumin da ya tsufa a sahun gaba ba a yi masa wannan fargaba.

"Na sani, Malam," in ji ta. "Duk na yarda. Amma ni dai ina so in ji da kunnena."

Ta sa an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe a jikin allo, aka rataye a bangon da yake kallo in ya kwanta. Baba ya gani, ya gane, ya ce mata ai da ta faɗa masa da ya yanko mata allon da ya fi wannan, don wannan itacen banza ne. Ta yi masa daƙuwa, ya ce madalla. Sau da yawa ta aika wa Baffa a kan ya zo su daidaita, amsarsa ɗaya ce, in Yaya ya kira shi zai zo. Yaya kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai kira ba.

Ciwon ajali ya zo da zafin bazarar bana, ta ƙirji. Mun kwana asibiti, ya ɗan farfaɗo, ya nace a mayar da shi ɗakinsa. Daga nan zazzaɓi ya rufe shi, ido ya rufe, allon Inna ya tashi a banza. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne bai yi shiru ba. Aiki yake yi a kan gado. Yatsansa na dama yana ta motsi kamar yana matsa inji, bakinsa yana cewa a ƙaro mai, a ja zare, a tokare ta can. Da safiyar ranar ƙarshe, da aka ga yadda numfashin ya koma, aka yi abin da kowane gidan Musulmi yake yi, aka juya shi a kan damansa ya fuskanci alƙibla. Liman ya sunkuya ya faɗi kalmar, ni na faɗa, ƙannena maza suka faɗa da ƙarfi har jijiyar wuya. Baba ya yamutsa fuska ya ce, "A ƙaro mai."

Inna ta fito tsakar gida, ta kama hannuna, hannunta sanyi ƙalau. Kwanaki ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwa.

"Je ki Bolori," ta ce. "Kada ki dawo ke kaɗai. Ba zan yarda babanku ya tafi yana neman mai ba."

Na tari keke mai ƙafa uku. Ban taɓa jin nisan Bolori ba sai ran nan, ga zafi, ga cunkoso, ga tunanin ko zan dawo in tarar an ja masa zane. Ƙarar inji ce ta kai ni inda Baffa yake, a wani fili bayan masu walda, yana kan wani gungumen darbejiya ya kai rabi. Na kira, na ɗaga hannu, bai san ina yi ba. Sai na tuna abin da na gani ina yarinya. Na zagaya ta damansa, na miƙa hannu na matsa masa kafaɗa. Inji ya lafa nan take, ya karkato da kai kafin ma ya duba ko wane ne.

"Baffa, jikin Baba ne."

Ya kashe injin. "Shi ya aiko ki?"

"Inna ce."

Ya dubi gefe. "'Yata, kin san abin da ya ce mini. Ya ce kada in ƙara tsayawa a kafaɗarsa. A gaban mutane ya faɗa."

"Baffa, yana can yana yanka katako a kan gado, ba kowa a damansa. An yi ta ba shi kalma bai ji ba."

Mai yanka ba ya barin inji a cikin itace, ko yaro ya san wannan. Baffa ya bar nasa a soke a tsakiyar gungume, ya sauko. Ya ce bari ya ɗan watsa ruwa, na ce babu lokaci. Haka ya shiga keke da dusa a gemu da gira. Haka kuma ya wuce zaurenmu da kayan aiki a jikinsa, ya shiga har ɗaki yana warin fetur, kuma karon farko a rayuwarta Inna ba ta ce uffan ba.

Ya tsaya a kan yayansa ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya ce, "Wa ya kwantar da shi haka?"

Liman ya ce ai alƙibla aka fuskantar da shi.

"Allah ya gafarta Malam, daidai ne. Amma kun danne kunnen. Na hagu ya mutu tun muna daji, shi ne yake bin inji. Ɗan abin da ya rage a na dama yake, ga shi kun tura shi cikin matashi."

Tun safe muna ta zuba murya a mataccen kunne, mu da muke cikin gida ɗaya da shi. Aka tallabe shi aka kwantar rigingine. Baffa ya zagaya ta dama ya durƙusa. Ya ɗora hannunsa mai tabo a kafaɗar Baba, ya matsa. Yatsan nan da ya kwana yana motsi ya tsaya cak. Kan Baba ya karkato a hankali.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ƙasa ma ya yi da ita, ya kai baki dab da kunnen, yana jan kowace kalma, yana barin fili tsakaninsu.

"Yaya. Ni ne."

Hancin Baba ya motsa. "Ƙarami?" Haka yake kiransa tun suna yara. "Ka duba ƙusa?"

"Na duba, Yaya. Babu."

Sai Baba ya ce, da babbar muryarsa ta wanda ba ya jin kansa, "Hannun fa?"

"Ya warke tuntuni."

"Ban ji ka ba ran nan."

"Na sani. Ni ma bakina ya yi kaifi. Ka yafe mini."

"Ya wuce."

Inna ta matso, lafayarta ta zame daga ka ba ta ma sani ba. Ta ce wa Baffa, "Ce masa na yafe masa duniya da lahira, shi ma ya yafe mini." Baffa ya isar. Baba ya tambaya ko tana nan, aka sa hannunta a cikin nasa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ce mata duk faɗan da ta yi ban ji ba. Na yafe wanda na gani."

Inna ta yi dariya da hawaye a haɗe, ta toshe baki da gefen lafaya. Daga nan ta dubi Baffa ta gyaɗa masa kai. Baffa bai ce masa ya faɗa ba, ba a matsa wa mai barin duniya. Shi dai ya faɗi kalmar a kunnen, a hankali, ya jira. Leɓen Baba ya motsa ba sauti. Na dafa bango. Baffa ya sake matsa kafaɗar, ya sake faɗa. Sai Baba ya ja numfashi ya ce, "La'ilaha illallah, Muhammadur Rasulullah." Da muryar nan tasa ya faɗa, wadda ba ta san sassauci ba. Matan da ke tsakar gida sun ji, mai kanti na jikin katangarmu ma ya ce ya ji.

Baffa ya buɗe baki zai ƙara wata magana, wataƙila shekarun da suka yi ba hira ne suka taso masa. Inna ta ɗaga masa hannu.

"Ya isa, tashi haka nan. Malam, a mayar da shi kan damansa."

Aka juya shi ya fuskanci alƙibla, kunnen ya koma cikin matashi. Ya ƙara ɗan lokaci yana numfashi. A waje duniya tana ta harkarta, masu keke suna hon, injin niƙa yana ruri, wasu mata suna cacar baki a kan layin famfo, wata jika tana tsala kuka a tsakar gida. Ko ɗaya bai kai gare shi ba, ba kuma abin da ya ja shi ya sake buɗe baki. Yatsan ma bai ƙara motsi ba. Ana kiran azahar ya cika, hannunsa a cikin na Inna. Bayan la'asar aka kai shi, aka rufe kabarin da bayan gungumen da ya tara a zaure da hannunsa.

Ban ɓoye ba, na yi kuka, kuma har yanzu in na ji ƙarar inji daga nesa sai ƙirjina ya amsa. Akwai kuma ciwon sanin cewa duk shekarun nan ƙofa tana nan a buɗe ta dama, muna ta bugun bango. Amma abin da ya fi yawa a zuciyata sauƙi ne, irin na wanda ya sauke tulu bayan doguwar tafiya. Baffa ma haka na gani a fuskarsa. Ranar sadakar uku ya kira ni da 'ya'yansa gefe, ya kama kunnensa ya ce, "Nawa ma na dama ne. In ranar ta zo, kada ku yi gaggawar juya ni."

Gwaggo kuwa ba ta haƙura da tambayarta ba. A ranar nan da ta iso, da mata suka ragu, ta je ta zauna kusa da Inna, ta ce ita fa abin ya ɗaure mata kai, ko ɗigon hawaye ba ta gani ba tun da ta zo. Inna ta ture kwanon gabanta, ta suɗe hannu.

"Kukan yana nan zuwa, ba inda za shi," ta ce. "Amma yau bari in ci abinci. Shekaru ina jin haushin kurumtar nan, ina roƙon Allah ya buɗe masa kunne. Ya buɗe shi daidai abin da ake bukata, ya mayar ya rufe. Da mai ji ne, da wani ya ja shi da wata maganar bayan kalma. Ke kanki da kina nan da sai kin tambaye shi ko ya gane ki."

Gwaggo ta jawo kwanon ta sa hannu.

Allah ka jiƙan Baba, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwanci. Ka sanyaya wa Inna in kukan ya iso. Kunnen da ka buɗe masa sau ɗaya a nan, ka buɗe masa su duka biyu a can, ya ji sallamar da ake yi wa bayinka na gari ba sai an matsa masa kafaɗa ba.